Rigar Ledar da Aka Ɗinke Ni a Ciki

Matan ba su gaishe mu ba, daga nan na san wani abu ya lalace. Su huɗu ne, suna biye da amalanken jaki da aka jera wa bidunan ruwa, wato jarkoki. Duk wanda ya san Arewa ya san mace ba ta wuce baƙo a daji ba ta ce masa sannu da rana ba, ko da kuwa tana zargin shi ya sace mata akuya. Waɗannan suka ja suka tsaya. Hannuna suke kallo, ba fuskata ba. Babbar cikinsu ta ɗora hannu biyu a ka, ƙaramar ta juya ta nufi gari da gudu, takalminta ɗaya ya fita ba ta tsaya ɗauka ba. Ni kuwa ina tsaye a gindin tsamiya da rana tsaka, cikin rigar leda da aka ɗinke a jikina, rungume da wata tsohuwar tukunya a ƙirji.

Ku da kuke ta aiko mini da saƙo kuna tambayar ina hotunan da na yi muku alkawari, ga labarin tafiyar. 

Sallar asuba kawai muka yi muka bar Dogon Dutsi. Mu huɗu ne a motar: ni, da direba, da wata mai ɗaukar hoto daga Yamai wadda ba ta jin Hausa sai Zabarmanci da Faransanci, sai ɗan gwaggona wanda shi ne mai tafiyar. Taubashina ne, tun muna yara nake ce masa bawana yana ce mini baiwarsa. Yanzu ya zama artist, sau biyu yana zuwa Turai nuna aikinsa. Shi ya zo har gida ya ce zai yi wani aiki mai suna Doguwar Kasuwa. Wai a da iskoki ke hawa kan mutane, yanzu kuwa kayan waje ne: leda, da waya, da gwanjo, da lemon kwalba. Su muke yi wa hidima, su ke shan jininmu. Zai yi wa wannan sabuwar doguwa riga, kuma yana son doguwar mace ta saka. Ni ce doguwar gidanmu, kuma tun da na bar makarantar lise ina zaune ban da aikin komai sai danna waya. Ya ce hotona zai rataya a bangon wani babban ɗaki a Turai. Na ce wa Inna za mu je ɗaukar hoto a ƙauye mu dawo da azahar. Baba ban faɗa masa komai ba.

Akwai abin da ya kamata ya buɗe mini ido tun kafin mu tashi. Ledar da aka yi rigar da ita sabuwa ce. Mun fara tsintar tsohuwa bayan gari kwana biyu, sai ɗan gwaggona ya ce rana ta cinye ta, tana yagewa, kuma ba ta sheƙi a hoto. Ni da ƙafata na shiga kasuwar Dutsi na sayo ɗauri shida na baƙar leda, mai kanti har ya yi mini gyara yana tambayata ko biki za a yi a gidanmu.

Hanyar Ɗan Kassari gudron ce, wato kwalta, ba laifi, sai ramukan da direba ya san su kamar ƴan uwansa. Gari ya waye muna tafe. Gonaki duk an share, an ƙone kara, ƙasa ta yi fari fat tana jiran ruwa. A Dutsi an yi yayyafi sau ɗaya, nan kuwa ko ɗigo. Kowace ƙaya a bakin hanya ta yi ƴaƴan baƙar leda, iska na kaɗa su, kuma kowace ƙaya sai ɗan gwaggona ya ce a tsaya a ɗauka. A tsayuwa ta biyar direba ya ce, “Patron, in kowace leda za mu gaisar, sai mun kwana a hanya.”

A tashar Ɗan Kassari muka karya. Ƙosai na dala ashirin bai cika tafin hannuna ba, mai suyar ta ce wake ya yi tsada, mai ya yi tsada, ita ma ta kusa yin tsada. Na sha koko, direba ya ci dambu da kopto, kwaɗon zogale. Mai hoton ba ta taɓa komai ba sai biskit da ruwan roba na dala ɗari, alhali ga piya wata na dala biyar mai sanyi. Ɗan gwaggona ya tsaya yana yi wa mai shayi bayanin yadda kamfanonin duniya suka mayar da mu bola. Mai shayi ya saurara har ƙarshe, ya dubi takalmin da ke ƙafarsa, fari tas, ya ce, “Wannan fa a wace bolar ka tsinto shi?” Na yi dariya har koko ya sarƙe ni. Ita ce dariyata ta ƙarshe a ranar.

Daga nan muka bar gudron muka yi arewa cikin rairayi, wajen Lugu. Ba Lugun muka je ba, wani ƙauye ne a yankin, kuma ba zan faɗi sunansa ba, sun sha isasshen baƙi. Sau biyu mota na kafewa muna turawa. Babura da amalanke ne kawai ke wuce mu, kowa ya ɗaga hannu ya ce sannunku. Wajen sha ɗaya muka hango tsamiyar, ita kaɗai a fili, nesa kaɗan da gari. An ɗaura mata farin ƙyalle a gindi wanda ya koma ruwan ƙasa. Ga gashin kaza a manne a saiwa, ga wata baƙar tukunya a kife.

Direba ya kashe mota ya ce, “Patron, wurin nan yana da masu shi. Mu shiga gari a yi sallama tukun.”

Ɗan gwaggona ya ce in an tambaya za su ce a dawo gobe, su tara dattawa, su yi ta jan magana, hasken kuma ya wuce. “Dix minutes, minti goma kawai. Tsohuwar doguwa da sabuwa a hoto ɗaya, shi ke nan mu tafi.”

Ya san ko wace bishiya ce. Saboda haka ma ya zaɓe ta. Ni ma ba zan ce ban gane ba. Amma a gidanmu an tashe mu a kan cewa duk wannan shirme ne, ba ya amfani ba ya cutarwa, sai na ɗauka tunda ban yarda da abu ba ina da damar taɓa shi.

Rigar ba ta da zip ba ta da maɓalli, wai za su ɓata ta. A bayan mota mai hoton ta ɗinke ni a ciki da basilla da zaren buhu, a kan ƴar shimi da siket ɗina, tun daga wuya har idon sawu. An kitsa ledar kamar igiya, ƙirjin an jera masa ledojin ruwa, wuyan marufan kwalba, a kaina kuma wata doguwar hula da wayoyin caja ke zubowa daga ita kamar gashi. Ƙasan ya tsuke, ƙafata ba ta buɗewa fiye da taki ɗaya na ɗan yaye. Su biyu suka riƙe ni zuwa gindin bishiyar. Kafin a fara ɗauka gumi ya riga ya taru mini a cinya.

An ɗauki hoto kamar goma, sai ɗan gwaggona ya ce hannuna ba abin da yake yi. Ya duba nan, ya duba can. “Baiwata, ɗauki tukunyar can ki rungume.” Na ce, “Bawana, kai me ya sami naka hannun?” Ya ce shi ba ya cikin hoto. Mai hoton ta tallafe ni na sunkuya, na ɗauka. Ta fi yadda na zata nauyi. Ƙasan inda ta tashi da sanyi-sanyi, a wannan bazarar. A daidai nan matan suka iso.

Ban san mutane suna iya taruwa da sauri haka ba. Maza suka ɓullo daga gari da daga gonaki, wasu da sanduna, wasu da gatarin da suke sassabe da shi. Na ji ɗan gwaggona na cewa a shiga mota, “Montez, montez!” Na ga ya suri jakar kyamara. Mai hoton ta riga shi shiga. Na ɗaga ƙafa, riga ta riƙe ni. Na kira sunansa, sunansa na gaskiya, ba na wasa ba. Ya leƙo ta taga ya ce, “Kar ki motsa, za mu kira jandarma, yanzu muna dawowa!” Motar ta tafi.

Suka zagaye ni, amma ba wanda ya shigo inuwar. Wani hogen ƙasa da aka jefo ya bugi hular kaina, wayoyin suka rufe mini ido ɗaya. Wasu na ihu in aje. Wani dattijo ya daka musu tsawa, ya juyo gare ni: “Kak ki aje! Kak ki sake ta! Riƙe hal mai ita ta zo.” Sai na gane in tukunyar nan ta suɓuce ta fashe, ba wanda zai iya tsayar da samarin can. Hannuna cikin leda yake, ledar cike da gumi, tukunyar na zamewa kaɗan-kaɗan. Na danne ta da haɓa. Ban san minti nawa na yi ba. Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa da ta sanya tufa. Wata mata tana kuka tana cewa hatsinmu, hatsinmu, kuma ban gane me ya haɗa ni da hatsinta ba.

Mai ita ta zo a hankali, tsohuwa ce ƴar ƙarama, da sanda, ba ta ko ɗaga ƙafa da sauri don ni ba. Ta shigo inuwar, ta tuɓe takalmi, ta karɓi tukunyar kamar ana miƙa mata jariri. Ta kife ta a gurbinta tana magana ƙasa-ƙasa. Da hannuna ya zama wofi sai na ga ƙasa ta taso mini.

A amalanken jakin nan aka kai ni gari, kwance tsakanin bidunan ruwa, don ba na iya tafiya. A tsakar gidan tsohuwar aka sauke ni, aka rufe ƙofar zana, ina jin hayaniyar maza a waje. Ta shiga ɗaki ta fito da wuƙa. Ku yafe mini, a nan na saki fitsari. Ta dube ni ta ce, “Kwanta da ciki, sakarya, zare za ni yankewa.” Ta bi ɗinkin tun daga wuya tana tsinkawa. Da rigar ta buɗe ruwa ya zubo kamar an fasa randa, fatar bayana da hammatana duk ta kwaile. Ta sa aka ba ni zane, aka ba ni farau-farau a ƙwarya.

“Ɗiyar wa ce ke?”

Na faɗi unguwarmu, na faɗi kakata ta wajen Inna da garinsu.

“Ashe ke tamu ce. Kakarki ta san abin da ba a taɓawa. Ke mi ya kai hannunki?”

Ita ta gaya mini abin da na yi. Tukunyar sau ɗaya ake ɗaga ta a shekara, kafin shuka, kuma ita kaɗai ke ɗagawa bayan an yi abin da ake yi. Saura kwana bakwai. Ruwa ya riga ya makara, rumbuna sun kusa ƙarewa, kowa idonsa na kan wannan ranar. Ni na zo na buɗe ta da rana tsaka, baƙuwa, cikin baƙaƙen kaya. In damina ta ƙi, kowa a garin ya san hannun da ya jawo.

Ta jawo rigar da bakin sandarta. “Wannan kuma mi ne ne?”

Na yi mata bayanin ɗan gwaggona yadda na haddace shi, kasuwa, kayan waje, sabuwar doguwa. A bakina ma na ji bayanin ya yi kama da haddar ƴan makaranta a lakkol. Ta tashi ta ciro wani abu daga jikin danga ta jefo gabana. Dunƙule ne baƙi, ya kai kan jariri, ya bushe ya yi tauri.

“Cikin akuyata munka hidda shi. Ta biyu ke nan bana. Tana ci tana ramewa, har ta faɗi da ɗa a cikinta. Shi ɗan gwaggon naki ya taɓa hiɗa akuya?” Ta ɗauki gefen rigar ta shinshina. “Wagga ma sabuwa ce. Saye kunka yi?”

Na ce saye muka yi.

“Kun sayo leda kun kawo muna, don ku gwada ma Nasara leda ta yi muna yawa.” Matan da ke tsakar gidan suka yi wata dariya marar daɗi. Ni dai ƙasa nake kallo.

Dattijon nan ya yi sallama daga bakin zana ya faɗi abin da suka yanke. Bayan la'asar za a yanka baƙar kaza a gindin tsamiya a sake ta. In ta ƙare a rigingine, an karɓa, in tafi gida. In ta kife da ƙirji, zan zauna a gidan tsohuwar har ruwan fari ya sauka, ko kwana nawa ne, kuma shi ba zai iya ɗaukar alkawarin abin da samari za su yi ba in ruwan ya daɗe. Na tuna Baba, wanda yake tsammanin ina ɗakin Inna. Wayata tana cikin motar da ta gudu.

Da azahar ta yi na ce zan yi salla, ina tsoron abin da za ta ce. Ta turo mini buta da ƙafa ta nuna da sanda. “Gabas na nan. Mu ba mu hana kowa nashi.”

Motar ta dawo ana kiran la'asar. Ba jandarma ko ɗaya, sai wani ɗan uwan maigari da suka ɗauko a hanya. Daga baya direba ya gaya mini inda suka yi awa uku: wani tudu suka hau mai rezon waya, ɗan gwaggona ya zauna yana tura hotunan waje, wai kada a ƙwace kyamara aikin ya salwanta. Direban ne ya ce in ba a koma ba zai ajiye makulli ya taho da ƙafa. Da aka shigo da ɗan gwaggona tsakar gidan ina zaune a tabarma da zanen aro, bayana na zugi. Idonsa ya fara sauka a kan rigar.

“Wa ya farke ta haka? Wata biyu na yi ina...”

Tsohuwar ta ce, “Ni ce. Ga ɗiyar kawunka nan kuma, in kana da sauran ido.”

Sai lokacin ya ce, “Baiwata, ça va?” Na kau da kai, kuma har yau ban sake amsa wannan sunan ba. Ya ciro kuɗi masu yawa ya miƙa wa dattijo. Dattijo ya zare kuɗin kaza ɗaya ya mayar masa da sauran, ya ce ya je ya tsince duk ledar da ta zuba daga rigar, tun daga gindin bishiya har ƙofar gidan nan, kada ya bar ko ƙyalli. Ta ƙofar zana na hango shi sunkuye cikin ƙaya da farin takalminsa, mata na nuna masa, ga wata can, ga wata nan.

Yau kwanana biyar a gida. Baba ya ji komai, bai doke ni ba, bai kuma yi mini magana ba tukun. Shekaranjiya ɗan gwaggona ya turo mini saƙo da murna: mutanensa na Turai sun ga hotunan, kuma wanda suka fi so shi ne na ƙarshe, wanda aka ɗauka daidai lokacin da na ga matan nan sun tsaya. Wai idona ya faɗi duk abin da Afirka ke ji. Idona tsoro yake faɗi, nawa ni kaɗai. A ƙarƙashin hoton akwai sunansa da na mai kyamara, ni an rubuta mace a tsaye. Sunan garin ma babu, balle akuyar. Na ce ya cire, ya ce an riga an sa a takardar baje kolin. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: mutum zai iya yin shekara yana zagin masu zuwa su kwashi abin mutane su bar musu shara, kuma ya yi hakan daidai a cikin minti goma, da ƴar kawunsa a ciki. Ni ma ban wanke kaina ba, hannuna ne ya ɗauka. Har yanzu ban yarda tukunya na riƙe ruwan sama ba. Amma kullum da la'asar sai na fita na dubi gabas, kuma jiya da wani ɗan kasuwa ya shigo daga wajen Ɗan Kassari na aika a tambaye shi ko an yi ruwa a can. Ba a yi ba.

Bari in koma ranar in ƙarasa. Rana ta yi sanyi aka fito da ni, aka tsayar da ni a bakin inuwar, garin duka a bayana. Ban ce a yanka kazar nan ba, ban kuma ce kada a yanka ba. Allah Ya gafarta mini, ban taɓa kallon wani abu a duniya yadda na kalli ƙafafunta ba. Aka yanka, tsohuwar ta sake ta. Ta yi tsalle, ta buga fiffike, ta kife. Na ji wani a bayana ya ja numfashi. Ta sake zabura, ta birgima sau biyu cikin rairayi, ta tsaya ƙafafu sama. Aka jira. Ba ta ƙara motsi ba.

Ba wanda ya yi guɗa. Mutane suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, mai gatari ya saɓa gatarinsa. Matar da ta yi kukan hatsi ta wuce ta gabana, ta ɗan tsaya, ta ce, “Sannu da rana.” Ƙarfe biyar da rabi ne a agogon direba.

Tsohuwar ta zo ta kama hannuna, wanda ya ɗauki tukunyar. “An amsa. Ba mai taɓa ki, nan ko bisa hanya. Tahi gida, ɗiyata.”

Na ce, “Kaka, ruwan fa?”

“Ruwa ba hannunki ya ke ba, ba kuma hannuna ba.” Ta juya ta sa aka miƙo mini buhun da aka cusa rigar da tsintar ɗan gwaggona a ciki, ta ɗora mini shi a ka da kanta. “Zanen ki riƙe. Wannan kuwa ku koma da abinku, akuya ɗaya ta rage mini.”